RUWA BA YA TSAMI BANZA: KULA DA TANKI DA FAMFO A TSOHUWAR MOTAR TAFI-DA-GIDANKA

A unguwar Maitama ta birnin Abuja, inda ofisoshin jakadancin ƙasashe da dama suke, jefi-jefi akan ci karo da wata irin mota wadda ba safai ake ganinta a titunanmu ba. Ga ta nan kamar motar ɗaukar kaya, amma da tagogi da labule, da ƙofa a gefe, wani lokaci har da tsani a baya da jarkoki ɗaure a sama. Lambarta ta Jamus ce ko Holan ko Faransa, jar ƙura kuwa ta yi mata lulluɓi. Masu ita matafiya ne da suka taso daga Turai suka nufi kudancin Afirka ta ƙasa, suka yada zango domin neman bizar ƙasashen da ke gabansu. A cikinta suke kwana, a cikinta suke girki, a cikinta suke wanka. Ita ce motar tafi-da-gidanka.

Ko da yake irinta ba ta yawaita a hannun mutanenmu ba, danginta suna nan birjik. Akwai motocin asibitin tafi-da-gidanka da ke zagaya ƙauyuka, akwai ɗakunan da ake ja da mota zuwa wuraren aikin gini da na hanya, akwai motocin sayar da abinci, da manyan bas-bas masu makewayi a ciki. Da yawansu na hannu ne, sun sha aiki a ƙasashen waje kafin su iso nan. Dukkansu kuwa abu ɗaya ya haɗa su, wato tankin ruwa da famfo da bututu.

Abin da aka saba gani shi ne, mai mota ba ya wasa da baƙin mai, ba ya wasa da taya ko birki, amma tankin da yake sha daga cikinsa sai ya shekara bai leƙa shi ba. Alhali kuwa inji in ya lalace a bakin hanya yake ajiye mutum, ruwa in ya lalace a gadon asibiti yake kwantar da shi da iyalinsa.

DAGA SALKA ZUWA TANKI

Ɗaukar ruwa a doguwar tafiya tsohon ilmi ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa ratsa Sahara, da ayarin raƙuman da ke zuwa ɗauko gishiri a Bilma, duk da salka suka dogara, wato fatar akuya da aka jeme aka ɗinke. Madugu ba ya tashi sai an jiƙa salkuna an ɗauraye su, an duba ɗinkinsu ko yana yoyo, domin ya san a tsakiyar rairayi ɗigo ɗaya ma dukiya ne.

A shekarun 1970 da 1980 wannan tsohuwar hanya ta sami sababbin baƙi. Samarin Turai suka riƙa tasowa da motocin Volkswagen Kombi da Land Rover da manyan Bedford, su ƙetare Bahar Rum, su bi ta Aljeriya zuwa Tamanraset, su gangaro In Gezam da Asamaka da Arlit, su zarce Agadas da Damagaram, su sauke gajiya a Kano, inda masaukin 'yan yawon buɗe ido da ke kan titin Bompai ya zama matattararsu. Tsakanin Tamanraset da In Gezam kaɗai akwai kimanin kilomita 400, kuma a wancan zamani babu kwalta. Wanda tankinsa ya tsage a wannan tsakani ya shiga uku. Rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa a arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 su suka kashe kasuwar wannan hanya, matafiya suka koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya da Sanagal.

Su kansu motocin sun kwana biyu a duniya. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayar da motocin Volkswagen ɗakin kwana a 1951, Winnebago na Amurka ya fito da tasa motar a 1966, Hymer na Jamus kuma a 1971. Ke nan akwai waɗanda suke kan hanya yau da suka haura shekara 40 da ƙerawa. Injinsu yana iya yiwuwa an sake shi, amma sau da yawa tanki da bututun na asali ne.

YADDA RUWAN YAKE TAFIYA

Kafin a yi batun gyara, ya kamata mai karatu ya san hanyar da ruwan yake bi. A jikin motar daga waje akwai bakin zuba ruwa mai murfi. Daga nan tiyo mai kauri ya gangara zuwa tanki, wanda akan ɓoye ƙarƙashin kujera ko gado ko ƙasan motar, yawanci mai cin lita 50 zuwa 150. Kusa da bakin akwai wani siririn bututu na numfashi, wanda iska ke fita ta cikinsa sa'ad da ake cika tankin, take kuma shiga sa'ad da ruwa yake raguwa. Daga ƙasan tanki ruwa ya bi ta 'yar matata mai raga, ya shiga famfon tura ruwa da ke aiki da batir mai bolt 12. Famfon ya tura shi ya rabu biyu: wani ya tafi kai tsaye zuwa kawunan famfo, wani ya bi ta tukunyar ɗumama ruwa. Wanda aka yi amfani da shi kuwa yana taruwa a wani tanki dabam na ruwan dauɗa.

Famfon tura ruwan iri biyu ne. Akwai wanda ake jefawa cikin tankin, wanda ke tashi idan an murɗa kan famfo, domin akwai ɗan makunni a jikin kowane kai. Akwai kuma wanda ake ɗaurewa a waje, mai faifan roba a ciki, wanda ke tashi da kansa da zarar ƙarfin ruwa ya ragu a bututu, ya tsaya idan ya cika. Sanin irin wanda ke motarka shi ne rabin gyara.

A kuma tuna cewa lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Tanki mai lita 100 in ya cika daidai yake da buhun siminti biyu, yana kai da komo a duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami. Saboda haka ɗaurin tankin da katakon da yake kai su ma abin dubawa ne.

INDA TSUFA KE FARA CI

Roba ba ta tsatsa, amma tana tsufa. Zafi da girgizar hanya sukan busar da ita har ta tsage, musamman a wuyan da bututu ke shiga tanki. Akasarin tankunan an yi su ne da irin robar da gam ba ya kama ta sosai. Wanda ya shafa gam a tsaga ya yi maganin mako ɗaya ne kawai. Abin da ke riƙewa shi ne waldar roba, wato a huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sannan a narka roba irin ta tankin a cike gurbin. In tsagar ta yi tsawo, sake tanki ya fi sauƙi. Kada kuma a yarda a mayar da tsohuwar duro ta mai ko ta maganin ƙwari tankin ruwan sha, ko da an wanke ta sau goma.

Bututu ma yana da nasa labari. Daga wajajen 1978 zuwa 1995 motoci da gidaje da yawa a Amurka an yi musu aiki da wani bututun roba mai launin toka da ake kira folibutilin. Daga baya aka gano cewa kulorin da ke cikin ruwan famfo yana cin sa daga ciki sannu a hankali har ya fashe ba zato, aka daina amfani da shi. Duk wanda ya tarar da irinsa a motarsa, gara ya sake shi da bututun PEX gaba ɗaya, maimakon faci yau faci gobe. Inda kuwa aka tarar da bututun jan ƙarfe, a sani cewa dalmar da aka riƙa liƙa shi da ita a dā tana da guba. Amurka ta hana amfani da ita a bututun ruwan sha a 1986, don haka motar da ta girmi wannan shekara tana bukatar lura.

Sauran wuraren yoyo su ne mahaɗai. Zoben ƙarfen da ke matse tiyo yakan saki, washar roba takan taurare. Ɓera yakan ci tiyo idan mota ta daɗe a ajiye, zanzaro kuma yakan gina ɗakinsa a bakin bututun numfashi. In ka ga ana zuba ruwa yana dawowa waje alhali tanki bai cika ba, to a nan za ka fara dubawa. Yoyon cikin mota ya fi na gida haɗari, domin daɓenta da bangonta katako ne. Kafin ido ya ga ruwa, katakon ya riga ya ruɓe. Warin danshi a cikin kabad, ko daɓen da ke lotsawa in an taka, shaida ce babba.

FAMFO YANA DA BAKI

Mai kunnen basira yakan gane ciwon daga ƙarar famfon tura ruwa. In duk kawunan famfo a rufe suke, amma kana jin sa yana tashi na ɗan lokaci yana tsayawa, musamman cikin dare, to ƙarfin ruwa yana zurarewa a wani wuri. Ko dai akwai yoyo, ko kuma bawul ɗin da ke hana ruwa komawa tanki ya daina rufewa. Hanyar tantancewa ita ce a toshe bututun da ke fita daga famfon. In ya yi shiru, yoyon yana gaba, a bi bututu da busasshen tsumma mahaɗa bayan mahaɗa. In ya ci gaba da tashi, ciwon a cikinsa yake.

In yana ta gurnani ba tsayawa kuma ruwa ba ya zuwa, ko yana zuwa da tari da kumfa, to iska yake sha. A duba ko tanki ya ƙare, ko murfin matata bai zauna daidai ba, ko tiyon da ke shigowa ya huje. In ruwa yana zuwa amma ba ƙarfi, a fara da kwance matata da 'yar ragar da ke bakin kan famfo, domin yashi da tsatsa a nan suke taruwa. In kuwa ya yi tsit ko motsi ba ya yi, a duba fis da wayar da ke haɗe da jikin mota da ƙarfin batir kafin a ɗora wa famfo laifi. Sau da yawa famfon da aka jefar lafiyarsa lau, faifan robarsa kaɗai ke bukatar canji, kuma ana sayar da shi dabam.

A Abuja, masu gyaran wutar mota a unguwar makanikai ta Apo suna iya aikin waya da batir, bututu da mahaɗai kuma ana samun su a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Sai dai a tafi da tsohon abin a hannu, domin awon bututun Turai da na Amurka ba ɗaya ba ne.

ABOKIN GABAN DA IDO BA YA GANI

Mun saba auna ruwa da abu uku: launi da wari da ɗanɗano. Awo ne mai kyau, amma bai isa ba, domin ƙwayoyin cutar kwalara da taifod ba sa sauya ko ɗaya daga cikinsu. A 1854 wani likita a Landan mai suna John Snow ya bi diddigin annobar kwalara har ya gano cewa famfo ɗaya ne a titin Broad ke raba wa jama'a mutuwa, alhali mutanen unguwar suna yabon daɗin ruwansa. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga wannan masifa. A 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa ta lissafa mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 kuma suka rasu.

Ruwan da hukuma ta tace yana zuwa da ɗan kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, amma wannan kulorin yana gushewa cikin 'yan kwanaki, zafi kuma yana gaggauta gushewarsa. Daga nan sai wani yauƙi ya fara kwanciya a bangon tanki da cikin tiyo, ya zama gidan ƙwayoyin cuta. In haske yana ratsa tankin ko tiyon, gansakuka ta biyo baya. Ko an zubar da tsohon ruwa an zuba sabo, yauƙin yana nan, zai kuma gurɓata sabon.

Akwai kuma cutar da ba ta hanyar sha ake ɗaukarta ba. A 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a birnin Filadalfiya, mutum fiye da 200 suka kamu da ciwon huhu, 34 suka mutu. A farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Lajiyonela. Tana yaɗo a ruwan da ke kwance mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, ana kuma shaƙarta cikin feshin ruwa, kamar na shawa. To, motar da ke ajiye a rana a watan Maris a Abuja, ruwan tankinta a wannan ɗumi yake wuni ya kwana. Tsofaffi da masu shan taba da masu raunin jiki su ta fi kamawa.

YADDA AKE WANKE TANKI

Aikin ba shi da wuya, kuma kayansa suna kowace kasuwa. Da farko a zubar da ruwan tanki da na tukunyar ɗumamawa ƙaf. In tankin yana da babban murfi, a sa hannu da burushi a goge bangonsa, domin magani ba ya ratsa yauƙi mai kauri. A cire matatar gawayi in akwai, don tana shanye kulorin.

Sai a kawo bilic na wanki, wanda ba a sa masa turare ko sabulu ba, a duba ƙarfinsa a jikin kwalba. In kashi 5 cikin 100 ne, tanki mai lita 100 yana bukatar mililita 100, wato kimanin cokalin cin abinci 7. In kashi 3.5 ne, sai a sa kimanin mililita 140, wato cokali 10. A dama shi cikin bokitin ruwa tukuna, a zuba a tanki, a cika tankin har baki. A buɗe kawunan famfo ɗaya bayan ɗaya, na sanyi da na zafi da shawa, har a ji warin bilic, sannan a rufe. A bar shi aƙalla awa 4. Bayan haka a zubar, a cika da ruwa mai tsabta a sake zubarwa sau biyu ko uku har warin ya tafi. Wannan ruwan wanki ne, ba a sha, ba a girki da shi, ba a kuma zubar da shi a kan shuka ko cikin rafi.

A ƙasa mai zafi irin tamu, ya kyautu a yi haka duk wata 3, da duk lokacin da mota ta daɗe a ajiye, da ranar da aka sayo ta. In za a ajiye ta fiye da mako biyu, a zubar da ruwan duka, a bar kawunan famfo a buɗe. Turawa suna yin haka ne don tsoron ƙanƙara, wadda ke kumbura ruwa ta fasa bututu. Mu namu dalilin zafi ne.

Tukunyar ɗumama ruwa tana da nata sharuɗɗa. Ba a kunna ta sai ta cika da ruwa, ba a kuma kwance ta sai ta huce an saki ƙarfin da ke ciki. Wasu, masu jikin ƙarfe, suna da wata sanda ta magnisiyam wadda tsatsa ke ci a maimakon tukunyar. In sandar ta cinye, a sake ta. Warin ruɓaɓɓen ƙwai daga famfon zafi alama ce ta ruwan da ya daɗe a kwance. Farin dutsen da ke taruwa a ciki ruwan khal yana narkar da shi. Amma a kiyaye: ba a haɗa khal da bilic, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba. A gama da ɗaya, a ɗauraye sosai, sannan a shiga ɗayan. A riƙa kuma ɗumama ruwan ya kai digiri 60, wanda ke kashe Lajiyonela, tare da kula kada yara su ƙone. Tukunyar da ke aiki da gas kuwa, a tabbata hayaƙinta waje yake fita, don irin hayaƙin janareta ne da ke kashe mutane cikin barci.

Duk wannan wahala ta tashi a banza in ba a kula da inda ake ɗiban ruwa ba. A keɓe tiyo guda na ruwan sha, a toshe bakinsa biyu bayan an gama, kada ya taɓa ƙasa, kada kuma a ajiye shi wuri ɗaya da na ruwan dauɗa. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, a bar shi ya kwanta, a tace, a sa maganin tsarkake ruwa bisa awon da aka rubuta a jikinsa. Na sha kuwa, in akwai shakka, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana zaɓaɓɓaka.

DARASI GA MASU GIDAJE

Wani zai ce, ni da ba ni da irin wannan mota ina ruwana? To, ya ɗaga kai ya dubi bayan gidansa. Tanki a ƙasa, famfon tura ruwa, tanki a sama, bututu, tukunyar ɗumamawa: ai tsarin nan ne dai, girma kawai ya bambanta.

Maitama tana cikin unguwannin kashin farko na ginin Abuja, kuma tun bayan da gwamnati ta ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, take cikin unguwannin da suka fi samun gata. Ruwan birnin yana fitowa ne daga madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa, wadda aka gina a shekarun 1980, ana kuma ƙara mata daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75. Hukumar ruwa tana iya tace shi fes, amma aikinta a ƙofar gida yake ƙarewa. Daga nan amana ta koma hannun mai gida. Tankin da murfinsa ya karye, ƙurar hunturu ta shiga, ƙadangare ya faɗa, tsuntsu ya yi kashi, ba ya tambayar ko a Maitama yake ko a Nyanya. Gidajen da masu su ke tafiya wata da watanni, ruwa yana kwance a bututu da shawa, su ma motar da aka ajiye ce.

Iyayenmu mata ba sa zuba sabon ruwa a randa sai sun wanke ta sun kife, kuma moɗa ɗaya ce ke shiga cikinta. Ba su san sunan ƙwayar cuta ko ɗaya ba, amma sun san ruwa ba ya tsami banza. Abin da ake nema ga mai mota da mai gida bai wuce wannan ba: a leƙa tanki, a saurari famfo, a wanke a kan lokaci, a rubuta ranar wankin a inda ido zai riƙa gani. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.